Madatsar Ruwa Ta Tagwai Da Amanar Da Ke Wuyan Injiniya Mai Rubutu

Duk wanda ya taɓa zama a Minna ya san cewa maganar ruwan famfo ba ta ƙarewa a bakin jama'a, balle idan bazara ta kama, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa kuma suka ƙara wa jarka kuɗi. Kaso mai yawa na ruwan da birnin ke sha daga tafkin Tagwai ya ke fitowa, wanda ke bayan gari da tazarar kilomita 10 ko makamancin haka. Daga can ne ruwan ke isa matatar Chanchaga, a tace shi, sa'an nan a tura shi cikin unguwanni.

An kammala madatsar ruwan nan ta Tagwai a cikin 1978, watau shekara biyu bayan da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta a 1976. Hukumar ayyukan ruwa ta Jihar Kano, wadda aka fi sani da WRECA, ita ce ta yi aikin. Da ƙasa aka gina bangon madatsar, aka tara ta aka daddanne. Tsayinsa mita 25 ne, tsawonsa kuwa wajen mita 1,800, kuma an shirya tafkin ne domin ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 28.3.

Yau fiye da shekara arba'in ke nan da yin wannan aiki. Waɗanda suka auna filin, da waɗanda suka gwada ƙasar, da waɗanda suka tsaya a kan aikin cikin rana, galibinsu sun bar aiki, wasu ma sun kwanta dama. Amma madatsar tana nan, ruwa yana dannan bangonta dare da rana, mutane dubu ɗaruruwa kuma suna dogara da ita. To, injiniyan da aka ɗora wa kula da ita a yau, wa zai tambaya? Babu wanda zai amsa masa sai takarda: rahoton da aka rubuta, da zanen da aka ajiye, da maƙalolin da masu bincike suka buga a mujallu. Idan takardar ta yi gaskiya ya sami jagora. Idan kuwa an yi ta da ganganci, to, an sa shi a hanyar ɓata, ga rayukan mutane a hannunsa.

Saboda haka yadda injiniya ke shirya rubutunsa da zanensa kafin ya aika wa mujalla ba magana ce ta malaman jami'a kaɗai ba. Ta shafi mai shan ruwan, ta shafi manomin da ke ƙasan madatsa, ta kuma shafi gwamnatin da za ta fid da kuɗin gyara.

ABIN DA A KE NUFI DA MUJALLAR INJINIYOYI

Mujallar masana ta sha bamban da jarida. A jarida edita shi ke duba labari ya sa a buga. A mujallar masana kuwa, idan maƙala ta iso, edita ya kan aika da ita ga mutum biyu ko uku waɗanda suka ƙware a fannin, su karanta, su bi lissafin, su nemi inda ya yi rauni. Yawanci marubucin bai san su ba, a wasu mujallun ma su kansu ba a gaya musu sunansa. Sai sun gamsu a ke bugawa. Wannan tankaɗe da rairaya shi ne ya ba mujalla daraja a kan sauran takardu.

Al'adar buga sakamakon bincike a mujalla daɗaɗɗiya ce. A cikin 1665 ne aka fara fitar da irin waɗannan mujallu a Faris da Landan, ta Landan ɗin ma har yanzu ana buga ta. Ta ɓangaren Nijeriya kuwa, an kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Ƙasa a 1958, aka kafa majalisar yi wa injiniyoyi rajista, watau COREN, a 1970, kana Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara buga mujallarta ta fasaha a 1975. Minna ita ma ba a bar ta a baya ba, gama an buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin a 1983, kuma malamanta da ɗalibanta sun yi rubuce-rubuce da dama a kan tafkin Tagwai, daga ingancin ruwansa, zuwa kifin da ke cikinsa, zuwa zurfinsa. Jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru ba za ta rasa abin rubutawa a kan ruwa ba.

Domin a ga amfanin rubutu mai kyau, sai a dubi labarin wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy. Shi ne ya samar wa garin Dijon ruwan sha, kuma a 1856 ya wallafa littafi a kan aikin, tare da kundin zane-zane dabam. A ƙarshen littafin ya bayyana wani gwaji da ya yi: ya cika bututu da rairayi, ya bi da ruwa ta ciki, ya auna yawan abin da ke fita. Ya faɗi girman bututun, da irin rairayin, da kowane awo da ya yi, ya jera su a jadawali. Darcy ya rasu a 1858, amma ƙa'idar da ya fitar ita ce har gobe a ke aiki da ita wajen lissafa yawan ruwan da ke tsatsafowa ta cikin bangon ƙasa irin na Tagwai. Da ya yi shiru da abin da ya gano, ko ya rubuta shi a dunƙule yadda ba mai iya maimaitawa, da ilimin ya bi shi kushewa.

TSARIN MAƘALA

Abu na farko da ya kamaci mai rubutu shi ne ya zaɓi mujallar da zai aika wa tun kafin ya fara, ya nemi ƙa'idojinta ya karanta su daga farko har ƙarshe. Kowace mujalla tana da nata: iyakar yawan kalmomi, yadda a ke jera sunayen littattafan da aka duba, girman zane, da sauransu. Maƙaloli da yawa a kan mayar wa masu su ba tare da an kai su gaban masu tantancewa ba, don kawai an ƙi bin waɗannan ƙa'idoji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kan maƙala ya faɗi abin da aka yi da inda aka yi shi. Wanda ya auna lakar da ta taru a tafkin Tagwai, ya sa laka da Tagwai a cikin kan maganarsa, domin mai nema bayan shekara ashirin ya same ta. Bayan wannan sai taƙaitawa, wadda a yawancin mujallu ba ta wuce kalma 150 zuwa 250. Mutane da yawa ita kaɗai za su karanta, saboda haka tilas ta ƙunshi matsalar, da hanyar da aka bi, da sakamakon da lambobinsa. Taƙaitawar da ta ƙare da cewa an tattauna sakamako, ba tare da ta faɗi sakamakon ba, ta ɓata wa mai karatu lokaci ne kurum.

Sa'an nan gabatarwa, inda za a faɗi abin da magabata suka riga suka gano da kuma giɓin da ya rage. Daga nan sai hanyar bincike, wadda ita ce ƙashin bayan maƙala. Ma'auninta ɗaya ne: shin wani injiniya a Zariya ko a Maraɗi zai iya ɗaukar takardar ya maimaita aikin ba tare da ya nemi marubucin ba? Idan zurfin tafki aka auna da na'urar nan mai aika sauti ƙasan ruwa ta saurari dawowarsa, to, a faɗi irin na'urar, da yadda aka daidaita ta, da tazarar da ke tsakanin layukan da kwalekwale ya bi, da ranar da aka yi awon, da kuma inda ruwan ya tsaya a ran nan. Awon watan Satumba, lokacin da tafki ya cika ya batse, ba ɗaya ya ke da na watan Afrilu ba.

Bayan haka sai sakamako, a kawo shi tsurarsa, kana a yi sharhi a kansa a wuri dabam, domin mai karatu ya iya rarrabe abin da aka gani da ido da abin da marubuci ya ke zato. A kammalawa kuma kada a ɗora wa bincike kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya ɗebi ruwa sau uku cikin wata guda ba shi da ikon yanke hukunci a kan tafkin na shekara ɗungum.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a yi hattara da ita, watau kwafo lamba daga maƙala zuwa maƙala ba tare da an faɗi shekararta ba. Kubik mita miliyan 28.3 ɗin nan adadin ranar gini ne. Kowace damina ruwa yana gangarowa da laka da rairayi daga gonaki ya zube su a gindin tafki. Masana sun ƙiyasta cewa tafkunan duniya a jimlace su kan yi hasarar rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na cikinsu kowace shekara saboda wannan. A matsayin misali kawai, tafki mai girman na Tagwai da zai riƙa hasarar rabin kashi ɗaya, a shekara 40 zai rasa wurin ruwa fiye da kubik mita miliyan 5 da rabi. Awo ne kaɗai ke iya faɗin gaskiyar kowane tafki, shi ya sa marubuci ya wajaba ya ce wannan adadin na shekara kaza ne, wane ne ya auna, ta hanya kaza. In ba haka ba, mai tsara rabon ruwa zai yi lissafi da ruwan da laka ta riga ta kora.

MA'AUNI DA LAMBOBI

Mujallun injiniyoyi a yau suna aiki ne da tsarin ma'auni na duniya wanda aka amince da shi a 1960, watau mita da kilogiram da daƙiƙa da danginsu. Nijeriya ta koma wa wannan tsari a cikin shekarun 1970, ma'ana ke nan tsofaffin zane-zane da rahotanni da yawa da ke ofisoshin ruwa da na ayyuka da ƙafa da inci da galan aka yi su. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka bango mai mita 25 ƙafa 82 ke nan. Galan kuwa iri biyu ne: na Ingila lita 4.546, na Amurka lita 3.785. Wanda ya rubuta galan bai ce wanne ba, ya bar ƙofar kuskure na kusan kashi ɗaya cikin biyar a buɗe. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, watau jarka 40 mai cin lita 25.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi hasarar kumbon da ta aika duniyar Mas, saboda rukunin ma'aikata ɗaya ya ba da lissafinsa da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karɓa a kan cewa ma'aunin mita ne. Idan haka ta faru ga masu kuɗi da kayan aiki irin waɗancan, babu wanda ya fi ƙarfin wannan tuntuɓe.

Har wa yau a kula da yawan lambobin da ke bayan ɗigo. Kwamfuta ba ta jin kunya, za ta ba da amsa mai lamba shida bayan ɗigo alhali na'urar da aka yi awon da ita ba ta iya rarrabe abin da ya gaza santimita goma. Rubuta dukkan lambobin nan da'awar daidaito ce wadda ba a mallaka ba. A rubuta iyakar abin da awo ya tabbatar, a kuma faɗi girman kuskuren da ke iya kasancewa a ciki.

ZANE SHI NE HARSHEN INJINIYA

A zamanin da a ke gina Tagwai, shirya zane domin mujalla aiki ne na kwana da kwanaki. A kan buga maƙala da tafireta a bar fili tsakanin layuka domin gyaran edita, a yi kofe biyu ko uku, a kai gidan waya. Zane kuwa kowanne da takardarsa, mai zane ya zauna a kan allonsa da takarda shara-shara da baƙar tawada, ya fitar da haruffa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lambar zanen da sunan mai shi da fensir a baya. Idan tawada ta ɗiga sai a kankare da reza ko a sake daga farko. Wahalar nan ta sa mutum ba ya zana abin da ba shi da amfani.

Yanzu da kwamfuta da manhajoji irin su AutoCAD, ana iya fitar da zane goma kafin shayi ya huce, a aika ta intanet. Sauƙin ya zo da nasa ciwon, gama an daina tsayawa a tambayi kai ko me zanen zai faɗa. Ƙa'idojin kuwa ba su sake ba.

Na ɗaya, kowane zane ya ɗauki magana guda, kuma ya iya tsayawa da ƙafarsa. Mai karatu ya dube shi ya karanta bayanin da ke ƙarƙashinsa ya gane, ba sai ya koma cikin maƙala ba. A al'ada bayanin zane a ƙasa ya ke zama, na jadawali kuma a sama, kuma kowannensu a ba shi lamba, a ambace shi a cikin rubutu bi da bi.

Na biyu, a tuna cewa maɗaba'a za ta rage girman zanen domin ya shiga shafi, sau da yawa cikin faɗin da bai wuce santimita 8 ko 9 ba. Harafin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta zai koma kamar ƙwayar gero, siririn layi kuma ya ɓace. Dabara ita ce marubuci ya buga zanen a girman da zai fito a mujalla, ya duba da idonsa. Hotuna a kan nemi su kai ɗigo 300 a kowane inci, zanen layi kuwa ya fi haka. Hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya riga ya dushe, ba ya shiga mujalla.

Na uku, maganar sikeli. Wanda ya rubuta cewa santimita ɗaya a zanensa daidai ta ke da mita 100 a ƙasa, da zarar an rage zanen maganarsa ta zama ƙarya. Maganin wannan shi ne a zana ɗan sandan awo a cikin zanen kansa, domin in an rage su rage tare. Akwai kuma wani abu da ya shafi madatsa. Idan aka zana bangon Tagwai mai tsawon mita 1,800 a kan layi mai santimita 18, tsayinsa na mita 25 zai zama milimita biyu da rabi kacal, ba abin da za a gani. Don haka a kan ƙara wa tsayi girma sau goma ko fiye. Wannan halal ne, amma da sharaɗin a rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin zanen, in ba haka ba mai karatu zai ga gangare mai sauƙi ya zaci katanga ce a tsaye.

Na huɗu, a zanen lissafi kowane layi, na kwance da na tsaye, ya zo da sunan abin da a ke aunawa da ma'auninsa. A kuma guji yanke gindin zane domin ƙaramin bambanci ya yi kama da babba. Idan ruwa ya ragu da kashi biyu cikin ɗari amma zane ya nuna kamar ya ragu da rabi, lambobin gaskiya ne, zanen kuwa ya yi ha'inci.

Na biyar, kada a dogara da launi kaɗai. Akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, kuma maƙala takan ƙare a injin kofe mai baƙi da fari a wani ofishin ƙaramar hukuma. A bambanta layuka da ɗigo-ɗigo da tsinke-tsinke da alamomi, yadda ko babu launi za a gane.

Mai ganin an tsananta a kan zane ya tuna da abin da ya faru a wani otal a birnin Kansas na Amurka ran 17 ga Yuli, 1981. A zanen asali, sanda ɗaya ce doguwa za ta riƙe gadoji biyu na masu tafiya a ƙasa, ɗaya bisa ɗaya. Wajen shirya zanen aiki sai aka mai da ita sanduna biyu, aka rataye gadar ƙasa a jikin ta sama, abin da ya ninka nauyin da ke kan mahaɗa guda. Zanen ya wuce ta hannun injiniyoyi ba wanda ya sake lissafi. Gadojin suka rufto, mutum 114 suka mutu.

TASWIRA DA SUNAN MINNA

Akwai wani abin alfahari da mutanen Minna da yawa ba su sani ba. Tun zamanin Turawan mulki, ma'aikatan safiyo suka kafa wata alama a Minna, mai lamba L40, suka mai da ita tushen awon ƙasar nan baki ɗaya. Shi ya sa tsarin da aka zana tsofaffin taswirorin Nijeriya a kansa a ke kiransa da sunan Minna a littattafan safiyo na duniya. Na'urorin zamani masu aiki da tauraron ɗan Adam, har da wayar hannu, da wani tsari dabam su ke aiki, wanda a ke kira WGS 84. Wuri ɗaya idan aka karanta shi da tsarin biyu, bambancin ya kan kai wajen mita 80.

Ma'anar wannan ga mai bincike a bayyane ta ke. Idan ya ɗauki taswirar kwarin Tagwai ta kafin a tare ruwa, ya ɗora mata awon da ya yi bana da na'urar zamani, bai daidaita tsarin biyu ba, zai ga laka inda babu, ya ga rami inda tudu ya ke. Saboda haka kowace taswira a maƙala ta faɗi tsarin da aka bi, ta nuna arewa, ta zo da sandan awo, ta kuma faɗi daga ina a ke ƙirga tsayi. Abin kunya ne a ce maƙalar da aka rubuta a Minna ita ce ta manta da wannan.

AMANA DA 'YAN KASUWAR MUJALLU

Ilimi amana ne, kuma ta wurare uku a kan ci ta. Na farko ɗaukar maganar wani ko zanensa ba tare da an ambace shi ba. Zanen da aka riga aka buga a wani wuri, sai an nemi izini kafin a sake buga shi. Na biyu jera sunayen waɗanda ba su yi aikin ba, don girmamawa ko don a rama wa juna biki, alhali ɗalibin da ya sha rana a cikin kwalekwale an bar shi a baya. Sa suna a maƙala ɗaukar alhakinta ne. Dalili ke nan da ya sa manyan mujallu tun 2023 suka ƙi yarda a sa manhajar kwamfuta mai rubutu a jerin marubuta, domin ba ta iya amsa tambaya ran da abu ya ɓaci. Na uku, kuma mafi muni, gyara lambobi domin su dace da abin da a ke so.

Da ya ke ƙarin girma a jami'a ya ta'allaƙa ne da yawan maƙalolin da malami ya buga, sai wasu 'yan kasuwa suka buɗe mujallu na jabu a intanet. Su kan aiko da wasiƙa mai daɗin baki, su yi alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. A 2014 kuma manyan kamfanonin ɗab'i biyu suka janye takardu fiye da 120 bayan an gano cewa kwamfuta ce ta harhaɗa su, babu ma'ana a ciki. Araha ba ta ado. Maƙalar da ba wanda ya tantance ta tana iya kawo ƙarin girma, amma injiniyan da ya dogara da ita wajen gyaran madatsa ya jingina da zana.

Ita kuwa mujallar ƙwarai takan ɗauki watanni, kuma da wuya maƙala ta wuce ba a ce a gyara ba. Idan sharhin masu tantancewa ya zo, kada marubuci ya ɗauke shi gaba. Ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda ya gyara, inda bai yarda ba kuma ya kawo hujja cikin ladabi. Ba a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Idan an aiko da shafukan gwaji kafin bugawa, ya bi kowace lamba da kowane zane da yatsa, gama daga nan babu sauran gyara.

KIRA GA HUKUMOMI

Ƙasar nan ta ɗanɗana abin da madatsa ke yi idan ta ɓalle. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta Jihar Kano ta fashe bayan ruwan sama mai yawa. Ran 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Bayan kowane irin wannan bala'i tambayoyin da a kan yi iri ɗaya ne: yaya aka gina ta, yaushe aka auna ta, me awon ya nuna, wa ya karanta? Amsoshin duka a takarda su ke, in an rubuta, in kuma an adana.

Saboda haka ya kamata hukumomin ruwa na jihohi su tattara zane-zanen asali na madatsunsu, su ɗauki hotonsu a kwamfuta kafin gara da ɗanshi su gama da su, su kuma buɗe wa masu bincike ƙofa. Jami'o'i su koya wa ɗalibai rubutun fasaha da zane tun daga shekarun farko, maimakon a bar su sai sun zo aikin kammalawa, kana kwamitocin ƙarin girma su riƙa karanta maƙala, kada su tsaya ga ƙirga ta. Masu bincike kuma, in maƙala ta fito, su kai kofe ofishin da abin ya shafa, su kuma rubuta taƙaitawa ta shafi guda da Hausa da Nupanci da Gbagyi, domin masunta da manoman da ke zagaye da tafkin su san abin da aka gano a ruwan da su ke rayuwa da shi. Su ne ke noma a gaɓa, su ne kuma za su fara ganin wurin da bango ya jiƙe.

Injiniyan da zai gaji madatsar Tagwai nan da shekara talatin watakila yanzu yana firamare a Bosso ko a Tunga. Abin da aka rubuta yau shi zai tarar, kuma da shi zai yanke shawara. Allah Ya ba masu alƙalami ikon riƙe amana, Ya kuma kiyaye jama'a daga ƙishirwa da ambaliya, amin.